Labarin Willi Hennig, Mai Bin Salsalar Dabbobi

Sa'ad da aka tura ni koyon koyarwa a wata makarantar firamare, sai aka ba ni darasin ilmin halittu a aji shida. Na shirya darasina tsaf. Na raba allo gida huɗu, na rubuta kifaye, da masu jan ciki, da tsuntsaye, da dabbobi masu shayarwa, na ce wa yara kowa ya kawo sunan wata dabba mu sa ta a gidanta. Abu yana ta tafiya daidai, tarwaɗa ta shiga gidan kifaye, kada ya bi ƙadangare, sai wani yaro can baya ya ɗaga hannu ya tambaye ni inda za mu sa gaiwa. Ya ce shi da idonsa ya ga an haƙo ta daga cikin busasshiyar laka da rani, da ranta, ba ruwa ko ɗigo. Na ce masa ai kifi ce. Ya tambayi dalili. Na ce don ta yi kama da kifi. Yaro ya yi shiru, ba don ya gamsu ba, sai don ni ne malam.

Sai daga baya na gane ashe yaron nan ya fi ni kusa da gaskiya. Mutumin da ya shimfiɗa hanyar amsa irin tambayarsa wani Bajamushe ne, sunansa Willi Hennig. Masanan halittu na duniya duka sun san shi, amma da wuya ku ga sunansa cikin littattafan da mu ke ba yara. Don haka na ga ya kamata in ba ku labarinsa, ku 'yan'uwana da za ku tsaya gaban allo gobe.

Amma bari in fara da mutum biyu da suka riga shi. Na farko Carl Linnaeus ne, mutumin Suwidin, wanda ya fitar da littafinsa na tsarin halittu cikin 1735. Shi ya kafa al'adar nan ta ba kowane irin tsiro da dabba suna biyu da harshen Latin, ya kuma jera su gida gida, ƙananan gidaje cikin manya. Da kama ya yi aiki, watau abin da ido ya gani. Kamar nan kuwa ta yaudare shi, don da fari ya sa manyan dabbobin nan na teku da a ke kira wel cikin kifaye, sai cikin 1758 ya fitar da su ya kai su wajen masu shayarwa. Na biyu Charles Darwin ne na Ingila. Cikin littafinsa na 1859 ya kawo hujja cewa ire-iren masu rai sun rarrabu ne daga kakanni ɗaya, kamar yadda rassa ke fita daga gindin itace. Zane ɗaya tak ke cikin littafin nan duka, shi ne kuwa zanen rassan. Ya nuna cewa tsari na gaskiya shi ne wanda ya bi salsala. To, faɗar haka da sauƙi. Yaya za a yi a san salsalar ƙwaro, wanda ba shi da maroƙin da zai jero kakanninsa? Shekara wajen 90 masana suna cewa suna bin Darwin, amma in ka duba aikinsu sai ka tarar kowa da ganin idonsa da kintacensa ya ke aiki, babu wata ƙa'ida da wani zai bi ya gwada ko an yi daidai.

An haifi Hennig ran 20 ga watan Afril 1913 a wani ƙauye wai shi Dürrhennersdorf, cikin lardin Saksoni, gabashin Jamus. Talakawa ne iyayensa. Ubansa ma'aikacin reluwe ne, uwarsa kuwa ta yi aikatau a gidajen mutane, ta kuma yi aiki a masana'anta. Shi ne babba cikin 'ya'yansu maza uku. Uwar nan ita ce ta nace sai 'ya'yanta sun yi ilmi mai zurfi ko ta halin ƙaƙa. Cikin 1927 aka kai shi makarantar kwana a Klotzsche, kusa da birnin Dresden, nan kuwa ya yi dace da malamin kimiyya wanda ya lura da irin son da yaron ke yi wa dabbobi. Malamin bai tsaya ga yabo ba, ya ɗauke shi ya haɗa shi da wani masani, Wilhelm Meise, na gidan adana dabbobi da ke Dresden. Tun yana ɗan makaranta ya shiga yi musu aikin sa kai, yana koyon yadda a ke auna dabba a siffanta ta. Cikin 1931, yana da shekara 18, ya rubuta wa makaranta wani insha'i a kan matsayin ilmin tsara dabbobi, ga shi kuwa abin da ya ƙare ransa a kai ke nan. Sai bayan mutuwarsa aka buga insha'in. Ko yaushe na tuna da malamin nan sai in ji kunyar amsar da na ba yarona mai gaiwa.

Cikin 1932 ya shiga jami'ar Leipzig yana karanta ilmin dabbobi da na tsire-tsire da na duwatsu, yana kuma kai da kawowa zuwa Dresden. Ayyukansa na farko a kan macizai ne da waɗansu ƙadangaru na Asiya masu shawagi daga itace zuwa itace. Amma wani mai kula da ƙwari a gidan adanar nan, Fritz van Emden, ya jawo hankalinsa wajen ƙwari. Cikin 1933, da Hitila ya hau mulki, aka kori van Emden daga aiki saboda yana da jinin Yahudawa, daga baya ya ƙaura Ingila. Wanda ya maye gurbinsa, Klaus Günther, ya zama aminin Hennig na tsawon rai.

Ƙwarin da Hennig ya zaɓa su ne masu fiffike biyu, watau dangin ƙuda da sauro da tsando. Kada ku raina su, an san irinsu fiye da dubu ɗari da hamsin. Cikin 1936 ya sami digirin dakta a hannun Farfesa Paul Buchner, da bincike a kan gaɓoɓin barbara na ƙudaje. Na san wani zai yi dariya. Amma ƙuda biyu da ido ba ya iya rabewa, in aka sa waɗannan gaɓoɓi nasu ƙarƙashin madubin likita sai bambanci ya fito sarai. Shekara da shekaru yana sunkuye kan madubi yana zana abin da bai kai ƙwayar gero ba, daga nan ne ya koyi tambayar kowace siffa: ke tsohuwa ce ko sabuwa? Cikin 1937 ya kama aiki a cibiyar nazarin ƙwari ta Jamus da ke Balin. Cikin watan Mayu 1939 ya auri Irma Wehnert, wadda suka haɗu a jami'a, suka sami 'ya'ya maza uku.

Ba a daɗe da bikin ba yaƙi ya ɓarke. Aka ɗauke shi sojan ƙasa, aka kai shi Folan, da Faransa, da Danmak, da Rasha. Bai shiga jam'iyyar Hitila ba, amma ya sa kakin sojansa, wannan kuwa ba abin da za a ɓoye ba ne. Cikin 1942 ɓarɓashin bam ya yi masa rauni a Rasha. Da ya warke sai aka ga ya fi amfani wajen yaƙi da sauro, aka mai da shi sashen hana cututtuka, daga baya aka tura shi Italiya don zazzaɓin cizon sauro yana ɗibar soja a can. Ƙanensa ɗaya ya ɓace a yaƙin Stalingrad, ba a sake ganinsa ba. Duk cikin wannan hali bai bar rubutu ba. Matarsa ce ke zuwa ta kwafo masa abin da ya ke bukata daga littattafai ta aika masa ta gidan waya na soja, ita ce kuma ke gyara kurakuran ɗab'i.

Cikin watan Mayu 1945 sojan Ingila suka kama shi a bakin teku kusa da Trieste. Da suka ga masanin sauro ne, sai suka sa shi cikin ma'aikatansu na hana zazzaɓi. A watannin nan da ya ke tsare, nesa da akwatunan ƙwarinsa da littattafansa, ya zauna ya rubuta da hannu abin da ya daɗe yana juyawa a ransa. Aka sake shi da kaka. Ya riƙe kujerar malaminsa Buchner a Leipzig har 1947, sa'an nan ya koma cibiyar ƙwari. Takarda ta yi wuya a Jamus bayan yaƙi, don haka littafin bai fito ba sai 1950, a Balin ta Gabas.

To, me ke cikin littafin? Ni dai ban sami hanyar da ta fi saukin bayyana shi ba irin abin da kowane malami ya sani, watau kama mai satar amsa. A ce ka ba yara lissafi ashirin, ka tattara takardu. Yaro biyu sun ci lissafi goma sha biyar iri ɗaya. Wannan ya nuna ɗaya ya kwafi ɗaya? A'a. Amsar daidai daga wurinka ta fito, kowa a aji ya gaje ta daga allo. Amma in ka tarar da wani baƙon kuskure, irin wanda ba ka taɓa gani ba, a takarda biyu kaɗai cikin arba'in, lalle ka san daga wuri ɗaya ya fito. Abin da kowa ke da shi ba ya nuna kusanci. Sabon abu da 'yan kaɗan suka yi tarayya a kansa shi ke nunawa.

Haka Hennig ya ce a yi da masu rai. Ya raba kama gida uku. Akwai kamar da ta zo daga tsohon gado, wanda aka samu tun can can a gindin itacen. Akwai kamar da ta zo daga sabuwar alama, wadda ta fara bayyana ga wani kaka na kurkusa, ta bi zuriyarsa kaɗai. Akwai kuma kamar haɗuwa, inda dabba biyu da ba su kusa suka sami siffa ɗaya, kowa ta hanyarsa, don zamansu iri ɗaya ne. Wannan na ukun shi ne kamar kuskuren nan mai sauƙi, irin yaro ya ce bakwai sau takwas hamsin da huɗu ne, wanda yara goma za su iya yi ba wanda ya leƙa takardar wani. Fiffiken jemage da na tsuntsu haka ne. Jemage yana haihuwa yana shayarwa, fatar da ke tsakanin yatsunsa ce fiffikensa, tsuntsu kuwa da gashi ya ke tashi. Cikin kamar nan uku, ta tsakiya kaɗai ce shaidar dangantaka. Sauran biyu a ajiye su gefe, kome yawansu.

Ku lura, tsufa da sabunta sun dogara ga inda ka tsaya. Ƙashin baya sabuwar alama ce in kana raba kifi da tsuntsu da saniya daga tana da fara. Amma in kana son ka san wa ya fi kusa da wa tsakanin su ukun, ƙashin baya ya zama tsohon gado, ba ya gaya maka kome. Hanyar sanin wace siffa ce tsohuwa ita ce a dubi dangi na nesa, waɗanda ke waje da gidan da a ke bincike. In su ma suna da ita, to, ta girmi gidan. A kan nemi taimako kuma daga ƙasusuwan da suka zama dutse cikin ƙasa.

Sa'an nan Hennig ya canza tambayar kanta. Cewa dabba biyu dangi ne ba ta da amfani, tun da in aka bi baya sosai duka dangi ne. Sai an kawo uku a tambaya: waɗanne biyu ne suka haɗa kaka wanda ta ukun ba ta da shi? Bari mu gwada da kada, da ƙadangare, da kaza. Ido ya ce kada da ƙadangare, don ga ɓawo a jiki, ga ƙafa huɗu, ga dogon wutsiya, ga kwanciya a rana. Amma duk waɗannan tsohon gado ne. Da aka duba ciki sai aka ga zuciyar kada ɗaki huɗu gare ta cikakku irin ta tsuntsu, ta ƙadangare kuwa ba haka ta ke ba. Ƙasusuwan kansu sun yi tarayya a waɗansu alamu da ƙadangare ba shi da su. Kada tana gina sheƙa, tana gadin ƙwanta, 'ya'yan suna kuka tun suna cikin ƙwai ta zo ta tone su. Ashe kada ya fi kusa da kazar gidanku bisa ga damo da guza.

Yanzu ga gaiwa. A sa ta tare da tarwaɗa da saniya. Zama cikin ruwa da siffar kifi tsohon gado ne, kakannin duk masu ƙashin baya haka su ke. Za ku ce ai shaƙar iska ce shaida, amma a yi hankali. Tarwaɗa ma tana shaƙar iska, shi ya sa ta kan daɗe a kwando ba ta mutu ba, sai dai da wata gaɓa dabam da ke cikin kanta ta ke yi, ba da huhu ba. Huhun kansa ma masana sun tarar ya girmi gaiwa, don akwai waɗansu kifayen kogunan Afirka na wani reshe dabam masu shi. Shaidar tana wani wuri. Siraran fikafikan nan na gaiwa masu kama da igiya, da ƙashi guda su ke haɗe da jiki, kamar yadda hannunka ke haɗe da kafaɗa da ƙashin dantse guda. Zuciyarta ta fara rabuwa biyu, jinin da ya fito daga huhu yana da hanyarsa dabam. Tarwaɗa ba ta da ko ɗaya. Don haka gaiwa da saniya sun haɗa kakan da tarwaɗa ba ta da shi. Kun ji inda yarona ya dosa.

Ƙa'ida ta biyu ita ce ta tada ƙura. Hennig ya ce ba gidan da ya cancanci suna cikin tsarin kimiyya sai wanda ya ƙunshi kaka guda da zuriyarsa duka, ba a bar ko ɗaya waje ba. In ana lissafin jikokin tsoho, ba a cire wani don ya tafi birni ya yi arziki ya canza tufafi. Bisa wannan ƙa'ida, biyu daga cikin gidajen nan huɗu da na zana a allo sun rushe. Masu jan ciki ba cikakken gida ba ne, don an cire musu tsuntsaye. Kifaye ma haka, don an cire musu duk masu ƙafa huɗu. Tsuntsaye da masu shayarwa su ne suka tsaya da ƙafafunsu.

Ba a yi rububin littafin 1950 ba. Da Jamusanci aka rubuta shi, Jamusancin kuwa mai nauyi, jimla ɗaya ta kan yi rabin shafi, cike da kalmomin da shi ya ƙera daga harshen Girka. Shi kansa mutum ne mai kunya, ba ya son tsayawa gaban taro, ya fi sakewa da mutum ɗaya ko biyu a gefen madubi. Sai ya ci gaba da ƙudajensa. Tsakanin 1948 da 1952 ya fitar da littafi mai juzu'i uku a kan tsutsotsin masu fiffike biyu, wanda masu wannan fanni suka daɗe suna dogara a kai.

Ga kuma wata wahala. An raba Jamus biyu, an raba Balin ita ma. Gidansa yana yamma, wurin aikinsa yana gabas, kullum sai ya ƙetare iyaka da safe ya komo da yamma, ba ya kuwa shiri da mulkin gabas. Ran 13 ga watan Agusta 1961 aka wayi gari an toshe tsakiyar birnin, aka soma gina katangar nan. Ya bar aikin da ya fara tun 1937, da tarin ƙwarin da ya sani kamar tafin hannunsa. An yi masa tayin aiki a Amurka bai karɓa ba. Ya ɗan zauna a jami'ar fasaha ta Balin ta Yamma, sa'an nan cikin 1963 gidan adana halittu na Stuttgart ya buɗe masa sashe na kansa, a garin Ludwigsburg. A can ya duƙufa kan ƙudajen da suka maƙale cikin ƙaron itatuwa tun shekaru miliyoyi, ƙaron ya daskare ya zama kamar dutse mai haske, ƙwaron yana ciki har gashin ƙafarsa ana gani.

Cikin 1966 abubuwa suka juya. Jami'ar Illinois ta Amurka ta buga littafinsa da Ingilishi, sunansa Phylogenetic Systematics. Ba fassarar na 1950 ba ce kai tsaye, sabon rubutu ne da ya gyara, masana biyu na Shikago, Dwight Davis da Rainer Zangerl, suka fassara. Davis ya mutu kafin littafin ya fito. A shekarar nan kuma wani masanin Suwidin, Lars Brundin, ya yi aiki da hanyar Hennig a kan waɗansu ƙananan ƙwari masu kama da sauro na ƙoramun duwatsu, ya nuna waɗansu na Ostareliya sun fi kusa da na Amurka ta Kudu bisa ga na Niyu Zilan da ke maƙwabtaka da su. Wannan ya dace da abin da masanan duwatsu ke tabbatarwa a lokacin, cewa ƙasashen kudu dā a haɗe su ke suka tsattsage. Samarin masana a gidajen adana halittu na Niyu Yok da Landan, musamman masu nazarin kifaye, suka karɓi hanyar hannu biyu biyu. Aka laƙaba mata suna kiladistik, daga kalmar Girkanci mai ma'anar reshe. Ba Hennig ne ya zaɓi sunan ba.

Gardama ta kaure. Gefe ɗaya akwai su Robert Sokal da Peter Sneath, waɗanda tun 1963 suka ce a bar zancen salsala, a ƙidaya siffofi masu yawa a ba na'ura ta auna yawan kama. Ɗaya gefen akwai Ernst Mayr na jami'ar Harvard, shi ma haifaffen Jamus, babban masanin tsuntsaye, wanda ya rubuta doguwar suka cikin 1974. Ra'ayinsa shi ne tsuntsaye sun yi nisa da kakanninsu ƙwarai, sun kama wata rayuwa dabam, don haka ya kamata tsari ya nuna rabuwar rassa ya kuma nuna yawan canji. Hennig, wanda ba ya son jayayya, wannan karon ya mai da martani a rubuce. Abin da ya tsaya a kai shi ne babu ma'aunin da zai faɗi nawa ne canjin da ya isa a cire reshe daga gidansu, kowa zai yanka inda ya ga dama. Rabuwar rassa kuwa abu ne da ya auku sau ɗaya, ana iya kawo shaida a kansa, wani ya zo da sabuwar shaida ya rushe.

A ganina Mayr bai yi wauta ba. Masunci yana bukatar kalmar kifi, mai dafa miya ma haka, ba kuwa wanda zai hana ni kiran gaiwa kifi a kasuwa. Hennig shi ma ba duk abin da ya kawo aka karɓa ba. Ya so a riƙa ba gidaje daraja gwargwadon tsufansu, wannan bai yi tasiri ba. Amma a kan babbar maganar, ni ina bayansa, saboda dalili na malanta. In na ce wa yaro abu kaza yana gida kaza don haka manya suka ga ya dace, na rufe masa baki. In kuwa na ce don yana da alama kaza wadda wancan ba shi da ita, na ba shi abin da zai je ya duba, har ya kama ni in na yi kuskure.

Yau hanyarsa ce ke ci ko'ina. Waɗansu, irin su James Farris, suka mai da ita lissafin da kwamfuta ke yi. Da aka iya karanta rubutun gado da ke cikin ƙwayoyin jiki, wanda a ke kira DNA, sai alamun da za a gwada suka tashi daga goma goma zuwa miliyoyi. Hanyoyin lissafin sun canza ƙwarai daga abin da shi ya sani, amma tambayar tasa ce, ƙa'idar cikakken gida ma tasa ce. Abin da ya fito kuwa ya isa a riƙe baki. Dabbar da ta fi kusa da wel cikin masu rai ita ce dorina. Rema da ke kan duwatsu da ayu da ke cikin Kwara da Binuwai dangin giwa ne. Gara reshe ce cikin gidan kyankyasai. Naman kaza ya fi kusa da dabbobi bisa ga tsire-tsire. Tsuntsaye kuwa su ne suka rage daga zuriyar dabbobin nan na dā da a ke kira dainoso. Da irin wannan zanen rassa ne likitoci suka bi sawun cutar Ebola cikin 2014 da korona daga 2020, suka san wane iri ya fito daga wane. Gaiwa ma an yi gardama a kanta cikin mujallar Nature a 1978 da 1979, ita da saniya da wani kifin Turai. Cikin 2021 aka karanta rubutun gadon gaiwar nan tamu ta Afirka ta Yamma, wanda ya fi na mutum tsawo fiye da sau goma, ya kuwa ƙarfafa cewa cikin duk abin da mu ke kira kifi, ita da 'yan'uwanta ne mafi kusa da masu ƙafa huɗu.

Hennig bai ga yawancin wannan ba. Ya fitar da babban littafi a kan salsalar ƙwari cikin 1969. Cikin 1970 jami'ar Tübingen ta ba shi farfesan girmamawa, ƙungiyar Linnaeus ta Landan ta ba shi lambar zinariya cikin 1974, gidan adana halittu na Niyu Yok ya ba shi tasa cikin 1975. Bai canza zama ba, kullum yana ɗakinsa da madubinsa da ƙudajen ƙaro. Ran 5 ga watan Nuwamba 1976 ciwon zuciya ya kama shi a gidansa a Ludwigsburg, ya mutu yana da shekara 63. Aka binne shi a Tübingen. Cikin 1980 masu bin hanyarsa suka kafa ƙungiya da sunansa, ta fara fitar da mujallarta cikin 1985.